Amfani da Wutar Lantarki da Fitar da Iskar Kabon a Ethereum

Ethereum hanyar sadarwa ce ta bulokcen, wato kundin ajiyar bayanai na bai-ɗaya wanda dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban ke riƙe da kwafinsa. A kanta ake hada-hadar kuɗin kirifto mai suna ether, ko ETH a taƙaice. Tun daga ranar 15 ga Satumba, 2022, Ethereum tana aiki da tsarin hujjar jingina, inda masu tabbatar da sahihancin ciniki ke ajiye kuɗinsu a matsayin jingina. Kafin wannan rana tana aiki ne da tsarin hujjar aiki, irin wanda Bitcoin ke amfani da shi har yanzu, inda ake gasar lissafi da na'urori masu shan wuta sosai. Wannan sauyi ya rage wutar lantarkin da Ethereum ke sha da sama da kashi 99.9 cikin 100 bisa mafi yawan ƙiyasin da aka wallafa. Ethereum ce babbar hanyar bulokcen ta farko da ta sauya tsarinta tana cikin aiki, don haka ita ce ta fi bayar da damar kwatanta tsarin biyu a kan abu ɗaya.

Zamanin haƙo, 2015 zuwa 2022

Vitalik Buterin ne ya gabatar da tunanin Ethereum a ƙarshen shekarar 2013, aka kuma ƙaddamar da ita a ranar 30 ga Yuli, 2015. A tsarin da ta fara da shi, ana tattara cinikayya a cikin wani ƙunshi da ake kira tubali, sannan masu haƙo su shiga gasar neman wata lamba da za ta sa tubalin ya karɓu. Babu dabarar da ke kai mutum ga lambar sai gwaji bayan gwaji. Wanda na'urarsa ta riga samo ta shi ne zai ɗora tubalin a kan sarƙar, ya karɓi lada. Daga 2019 ladan ya kasance ETH 2 a kan kowane tubali, ban da kuɗin da masu ciniki ke biya, kuma ana samun sabon tubali kusan kowace daƙiƙa 13.

A wannan tsari shan wuta ba kuskure ba ne, shi ne tushen tsaron. Duk wanda ke son ya murɗe kundin dole ya mallaki ƙarfin lissafi da ya zarce na sauran masu haƙo a haɗe, ya kuma biya kuɗin wutarsa. Sai dai hakan na da wani sakamako: idan farashin ETH ya tashi, ladan ya ƙara daraja, sababbin masu haƙo su shigo, tsarin kuma ya ƙara wa lissafin wuya da kansa domin kada tubala su riƙa fitowa da sauri. Wutar da ake sha tana bin farashin kuɗin ne, ba yawan aikin da aka yi wa masu ciniki ba. Shi ya sa shan wutar Ethereum ya yi tashin gwauron zabi a 2021 da farkon 2022, lokacin da farashin ETH ya kai ƙololuwa.

An tsara lissafin haƙon Ethereum, mai suna Ethash, ta yadda zai buƙaci ma'adanar kwamfuta mai yawa, domin a rage fifikon na'urorin musamman irin waɗanda suka mamaye haƙon Bitcoin. Saboda haka yawancin masu haƙo sun yi amfani da katin zane na kwamfuta, wato GPU, irin wanda masu wasannin bidiyo ke saye. Buƙatarsu na cikin abubuwan da suka jawo ƙaranci da tsadar waɗannan katuna a 2021.

Ƙiyasin wutar da aka sha a wancan zamani ya bambanta ƙwarai, kuma bambancin ya samo asali ne daga hanyar lissafi. Shafin Digiconomist na Alex de Vries, ɗan ƙasar Holan, yana farawa daga kuɗin shigar masu haƙo, ya ƙiyasta kason da suke kashewa a wuta. Da wannan hanya ya nuna kusan terawat-awa 80 a shekara dab da sauyin. Cibiyar Crypto Carbon Ratings Institute, wadda aka fi sani da CCRI, ta fara ne daga jimillar ƙarfin lissafin da ke kan hanyar da ingancin na'urorin da ake amfani da su, ta samu kimanin terawat-awa 23 a shekara, da iskar kabon tan miliyan 11. Cibiyar nazarin sababbin hanyoyin kuɗi ta Jami'ar Cambridge a Ingila ta ƙiyasta cewa daga 2015 zuwa ranar sauyin Ethereum ta sha kimanin terawat-awa 58 gaba ɗaya, adadin da ya yi kusa da abin da ƙasar Suwizalan ke sha a shekara guda. Wani rahoto da ofishin kimiyya da fasaha na fadar White House ya fitar a Satumba 2022 ya ce Ethereum ce ke da kashi 20 zuwa 39 cikin 100 na dukan wutar da kuɗaɗen kirifto ke sha a duniya, Bitcoin kuma kashi 60 zuwa 77.

Yadda hujjar jingina ke aiki

Tunanin hujjar jingina ya girmi Ethereum. Kuɗin Peercoin ne ya fara amfani da shi a 2012. A sigar da Ethereum ta ɗauka, duk mai son zama mai tantancewa zai ajiye aƙalla ETH 32 a cikin wata yarjejeniyar kwamfuta da ke kan hanyar. An raba lokaci zuwa gurabe na daƙiƙa 12, kuma kowane gurbi 32 sun zama zango guda, wato minti 6.4. A kowane gurbi tsarin yana zaɓar mai tantancewa ɗaya ta hanyar ƙuri'a domin ya gabatar da tubali, sannan wani rukuni na sauran masu tantancewa su duba shi su sa hannu. Idan masu riƙe da kashi biyu cikin uku na dukan jinginar suka amince, tubalin yana zama tabbatacce bayan zango biyu, kimanin minti 13.

Mai tantancewar da ya yi aikinsa yana samun lada. Wanda kwamfutarsa ta mutu ana rage masa kaɗan. Wanda ya yi ha'inci, misali ya sa hannu a kan tubala biyu masu karo da juna, ana yanke wani ɓangare na jinginarsa, a kuma kore shi daga aikin. Abin da ke hana cuta a nan shi ne tsoron asarar dukiyar da aka ajiye, ba kuɗin wuta ba.

Daga nan ne raguwar shan wutar ta fito. Damar mutum ta samun lada ta dogara ne da yawan ETH ɗin da ya ajiye, ba da ƙarfin na'urarsa ba. Wanda ya sayi kwamfuta mai ƙarfi ninki goma ba zai ƙaru da ko sisi ba, sai ma ya ƙara wa kansa kuɗin wuta. Abin da ake buƙata kawai shi ne kwamfuta matsakaiciya mai faifan ajiya mai sauri, da intanet da ba ya yankewa, ta kwana ta wuni a kunne. Irin wannan kwamfuta da ke riƙe da kwafin kundin tana kuma magana da sauran ita ake kira nod. Kowace nod tana tafiyar da manhaja biyu: ɗaya mai aiwatar da cinikayya, kamar Geth, Nethermind ko Besu, ɗayar kuma mai kula da yarjejeniya, kamar Prysm, Lighthouse, Teku ko Nimbus.

Sauyin 2022

Tun farkon Ethereum masu gina ta sun bayyana niyyar komawa hujjar jingina, amma aikin ya yi ta samun jinkiri. Har sun saka wani tarko a cikin manhajar wanda zai riƙa tsananta wahalar haƙo har ya gagara, domin tilasta sauyin, sai dai an ɗaga wa'adinsa sau da dama saboda sabon tsarin bai kammala ba. A ranar 1 ga Disamba, 2020, aka ƙaddamar da wata sarƙa ta daban mai suna Beacon Chain, wadda ke aiki da jingina amma ba ta ɗauke da cinikin kowa. Ta yi kusan shekara biyu tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar sarƙar. A ranar 15 ga Satumba, 2022, da misalin ƙarfe 6:42 na safe agogon GMT, aka haɗe su biyun a wani aiki da aka sa wa suna The Merge, ma'ana haɗewa. Tubali mai lamba 15,537,393 shi ne na ƙarshe da aka haƙo. Hada-hada ba ta tsaya ba, kuma asusun masu amfani bai canza ba.

Sauyin ya kuma rage sababbin ETH da ake fitarwa da kusan kashi 90 cikin 100, domin masu tantancewa ba su da kuɗin wuta mai yawa da sai an biya su su rufe. A da masu haƙo na karɓar kimanin ETH 13,000 a rana.

Alƙaluman bayan sauyi

Tun a Mayu 2021 wani mai bincike a Gidauniyar Ethereum ya yi hasashen cewa shan wuta zai ragu da kusan kashi 99.95 cikin 100, kuma wannan lamba ce ta fi yawo a kafafen labarai. Ƙiyasin da aka fi ambata bayan sauyin shi ne na CCRI, wanda kamfanin ConsenSys, mai gina manhajojin Ethereum, ya ɗauki nauyinsa. Masu binciken sun ɗora manhajojin nod iri-iri a kan kwamfutoci daban-daban, suka auna wutar da kowace ke ja. Sun samu matsakaicin wat 62.44 ga kowace nod, abin da bai wuce tsohon ƙwan fitila guda ba. Sun ninka wannan da nod 4,755 da suka ƙirga a lokacin, ya ba da ƙasa kaɗan da kilowat 300. A shekara wannan ya kama megawat-awa 2,601, daidai da abin da gidaje kimanin 250 ke sha a Amurka. Da suka haɗa da bayanin ƙasashen da nod ɗin suke da irin wutar da ake samarwa a can, suka ƙiyasta iskar kabon tan 870 a shekara. Bisa wannan lissafi wuta ta ragu da kashi 99.988 cikin 100, iskar kabon kuma da kashi 99.992.

De Vries, wanda ya yi suna wajen sukar shan wutar kuɗaɗen kirifto, ya wallafa nasa nazarin a mujallar Patterns a Disamba 2022. Ya gwada mafi munin zato da mafi kyawunsa, ya samu raguwar da ta kama daga kashi 99.84 zuwa 99.9996 cikin 100. Abin lura shi ne, waɗanda suka saɓa da juna ninki uku a kan shan wutar zamanin haƙo sun haɗu a kan cewa abin da ya saura ɗan ƙalilan ne. Gardamar da ta rage ta lambobin bayan ɗigo ce.

Abin da lissafin ya ƙunsa da abin da ya bari

Lambar megawat-awa 2,601 hoto ne na wani lokaci, kuma ta dogara da abubuwa uku waɗanda kowannensu ke da rauni.

Na farko shi ne yawan nod. Babu rajistar da ake rubuta su. Ana ƙirga su ne da manhajojin da ke zagaya hanyar suna neman kwamfutocin da suka amsa, kuma wasu nod suna ɓoye a bayan katangar tsaro. Ana yawan rikita yawan nod da yawan masu tantancewa, alhali ba ɗaya ba ne. Mai tantancewa mabuɗin sirri ne da ke da jingina a bayansa, kuma kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar ɗaruruwan irin waɗannan mabuɗai ba tare da wutarta ta ƙaru sosai ba. Masu tantancewa sun haura miliyan ɗaya a 2024, amma nod suna cikin dubbai ne kawai. Wanda ya ninka wat 62 da miliyan ɗaya zai samu amsar da ta yi nesa da gaskiya. Gyaran Pectra na ranar 7 ga Mayu, 2025, ya ba mai tantancewa ɗaya damar riƙe har ETH 2,048, abin da ke ba manyan masu jingina damar dunƙule mabuɗansu.

Na biyu shi ne irin na'urar. Wasu suna tafiyar da nod a kan ƙaramar kwamfuta a gida, wasu a manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanoni irin su Amazon Web Services, inda ake ƙara wutar sanyaya ɗaki, kuma manyan masu jingina kan ajiye kwamfutoci na ko-ta-kwana.

Na uku, wanda ya fi shafar iskar kabon, shi ne wurin da nod take. Kilowat-awa ɗaya a Nowe ko Suwidin, inda ake dogaro da madatsun ruwa da sauran hanyoyi marasa hayaƙi, ko a Faransa mai tashoshin nukiliya, yana fitar da kabon kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da Folan, inda kwal ke da babban kaso. Kaso mai yawa na nod ɗin Ethereum yana Amurka da Jamus. Idan aka raba tan 870 da megawat-awa 2,601 za a samu kimanin giram 334 a kan kowane kilowat-awa, wato matsakaicin ƙasashen da nod suke a lokacin binciken. A zamanin haƙo masu na'urori kan yi ƙaura zuwa inda wuta ta fi araha, ko da ta kwal ce. Mai nod ba shi da wannan dalili, domin kuɗin wutarsa bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma abubuwan da ba sa shiga lissafin kwata-kwata. Ciki har da hayaƙin da aka fitar wajen ƙera kwamfutocin, da wutar kamfanonin musayar kirifto, da ta kwamfutocin da ke gasar tsara tubala mafi riba kafin su miƙa wa masu tantancewa. Haka nan hanyoyin da ake kira mataki na biyu, irin su Arbitrum, Optimism da Base, waɗanda ke tattara cinikayya a wajen babbar sarƙar sannan su aika mata da taƙaitaccen bayani, suna da nasu kwamfutocin. Tun bayan gyaran Dencun na ranar 13 ga Maris, 2024, wanda ya rage musu tsadar ajiye bayanai, ciniki mai yawa ya koma kansu. Waɗannan duka suna ƙara wani abu a kan jimillar, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke da siffar haƙo, inda ake biyan mutum gwargwadon wutar da ya ƙona.

Matsalar lissafin kowane ciniki

Ana yawan ganin jadawalin da ke nuna wutar da ciniki ɗaya ke sha a Ethereum, a kwatanta da na Visa ko Bitcoin. Ana samun wannan lamba ne ta raba jimillar wutar da yawan cinikayya, kuma tana ɓatar da mai karatu. Nod tana jan kusan wuta iri ɗaya ko tubalin ya cika ko babu komai a cikinsa, saboda haka ƙarin ciniki ɗaya ba ya ƙara shan wuta da adadin da jadawalin ya nuna. Sannan ciniki ɗaya a babbar sarƙar yana iya ƙunsar ɗaruruwan cinikayya daga mataki na biyu.

Wani binciken CCRI na Janairu 2022 ya nuna yadda ma'aunin biyu ke iya juya sakamako. Ya duba hanyoyi shida masu aiki da jingina: Polkadot, Tezos, Avalanche, Algorand, Cardano da Solana. Polkadot ce ta fi ƙarancin shan wuta a jimilla, kimanin megawat-awa 70 a shekara, Solana kuma ta fi yawa da kusan megawat-awa 2,000, saboda tana buƙatar kwamfutoci masu ƙarfi. Amma da aka raba da yawan ciniki, Solana ce ta zama mafi ƙaranci a cikinsu. Kowane kamfani na iya zaɓar ma'aunin da ya fi fito da shi.

Makomar na'urorin haƙo

Raguwar shan wutar Ethereum ba ta zama raguwar shan wutar duniya kai tsaye ba sai idan an kashe na'urorin da suka bar ta. A ranar sauyin masu haƙo da yawa sun karkata zuwa wasu kuɗaɗe da ake haƙowa da GPU, musamman Ethereum Classic, wadda ta balle daga Ethereum a 2016, da Ravencoin, da wata sabuwar sarƙa mai suna EthereumPoW da wasu masu haƙo suka kafa domin ci gaba da tsohon tsari. Ƙarfin lissafin Ethereum Classic ya ninka sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai ladan waɗannan kuɗaɗe a haɗe bai kai ko kusa da na Ethereum ba, don haka ribar ta rushe, da yawa suka kashe na'urorinsu cikin makonni. Wasu katunan sun shiga kasuwar kayan hannu, wasu kamfanonin kuma suka juya zuwa hayar ƙarfin lissafi. Kamfanin CoreWeave na Amurka, wanda ya zama babban mai ba da hayar GPU ga masu gina ƙirƙirarriyar basira, da haƙon Ethereum ya fara. Na'urorin musamman da aka ƙera domin Ethash kaɗai ba su da wani amfani sai a kan sarƙoƙi masu irin lissafinsa.

Suka da muhawara

Masu goyon bayan Bitcoin suna cewa an sayi ragin wutar ne da tsada. A ganinsu jingina tana ba mai kuɗi ƙarin iko da ƙarin kuɗi, kuma tana tara iko a hannun 'yan tsiraru. Wannan suka tana da abin kafa hujja: dandalin Lido, wanda ke tara ETH ɗin mutane ya yi jingina a madadinsu, ya taɓa riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan jinginar, kuma wannan ne adadin da zai iya hana tubala tabbata. Manyan kamfanonin musaya irin su Coinbase su ma suna riƙe da kaso mai tsoka. Masu kare tsarin suna amsawa da cewa haƙo ma ya taru a hannun ƙungiyoyin haƙo kaɗan, kuma a tsarin jingina ana iya ƙwace dukiyar mai kai hari, abin da ba a iya yi wa na'urar haƙo. Wannan muhawara ta tsaro ce da rabon iko, ba ta taɓa alƙaluman wutar ba.

A Maris 2022 ƙungiyar Greenpeace reshen Amurka da wasu ƙungiyoyin kare muhalli sun fara kamfe na neman Bitcoin ta canza tsarinta. Sauyin Ethereum ya ƙara musu hujja, amma Bitcoin ba ta sauya ba, kuma ƙiyasin Cambridge yana nuna tana shan sama da terawat-awa 100 a shekara.

Dokoki da hayaƙin baya

Lokacin da Tarayyar Turai ke tsara dokarta ta kadarorin kirifto mai suna MiCA, an gabatar da wata shawara da za ta iya takura wa kuɗaɗen hujjar aiki, amma kwamitin tattalin arziki na majalisar Turai ya yi watsi da ita a Maris 2022. A maimakon haka dokar ta wajabta wa masu fitar da kadarorin kirifto da kamfanonin da ke cinikinsu su bayyana tasirin tsarin yarjejeniyar a kan muhalli, ciki har da wutar da yake sha a shekara. Dokar ta fara aiki gaba ɗaya a ranar 30 ga Disamba, 2024, kuma ta shafi hanyoyin jingina kamar yadda ta shafi na haƙo. A Amurka, jihar New York ta sanya dokar dakatarwa ta shekara biyu a Nuwamba 2022 kan ba da sababbin izini ga masu haƙo da ke amfani da tashoshin wuta na man fetur, gas ko kwal.

Sauyin 2022 bai goge hayaƙin shekaru bakwai na haƙo ba. A taron sauyin yanayi na COP27 da aka yi a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar a Nuwamba 2022, wasu kamfanoni, ciki har da ConsenSys, sun sanar da kafa Ethereum Climate Platform da nufin zuba kuɗi a ayyukan rage iskar kabon domin rama abin da hanyar ta fitar tun 2015. Shirin na sa-kai ne, ba wani ɓangare ne na dokokin manhajar Ethereum ba.